Agogon Teku: Kwana Bakwai na Wasu Ma'aurata a Zanzibar

A wurin ma'aikacin Bahaushe, kalmar hutu tana da wata ma'ana da ƙamus bai rubuta ba. Idan ofis ya sallame shi na mako uku, kafin ya isa gida an riga an raba kwanakin: ga ɗaurin auren ɗan wa, ga ta'aziyyar da ake ta ɗagawa tun bayan Ƙaramar Sallah, ga ginin da ya tsaya a linta, ga tsohuwa da za a kai wurin likitan ido. Duk haƙƙoƙi ne, kuma da sauke su ake gane ɗan halak. Sai dai mutum yakan koma bakin aiki da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita, kuma a cikin makonnin nan uku da wuya a sami yini guda cur da miji da mata suka zauna su biyu, babu baƙo a falo, babu yaro a bakin ƙofa, babu waya a kunne.

Wasu ma'aurata sun gwada saɓa wa wannan al'ada sau ɗaya. Shekararsu 12 da aure, 'ya'yansu uku. Shi akanta ne a wani kamfani a Abuja, ita kuma mai harhaɗa magunguna ce a wani asibiti a Kano. Shekara biyar ke nan yana zuwa gida daren Juma'a ya koma ranar Lahadi da yamma, in hanya ta yi kyau. In ba ta yi ba, sai wani makon. Babu wanda ya taɓa jin kansu. Kullum suna waya, amma da za a rubuta hirar tasu, sai a ɗauka rahoton ofis ne: kuɗin makaranta, man janareto, famfon da ya lalace, gudummawar bikin wance.

Ita ta kawo shawarar tafiyar, bayan ta kwashi adashi. Shi ya zaɓi Zanzibar, don yawancin mutanenta Musulmi ne, babu zullumin abinci ko na masallaci. Aka kai yara gidan kakarsu. Kafin su hau jirgin da zai yada zango da su a Adis Ababa, ya buga jadawali a kwamfuta: kwana bakwai, wurare 14, kowanne da lokacinsa da farashinsa. Ita kuwa abin da ta ƙara a jaka littafi ɗaya ne da takalmin roba. Tun daga nan ya bayyana cewa tafiya biyu suka shirya a kan tikiti ɗaya: shi kallo zai je, ita hutu.

Birnin da jira ya gina

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja baƙi suka fi sauka, kuma tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, wato kusan rabin tafiyar Kano zuwa Zariya. Shekaru aru-aru iska biyu ce ke juya rayuwar wurin. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, ta koro jiragen katako daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Kusi kuma ta taso daga kudu daga wajen Afrilu, ta mayar da su gida. Falken da ya sauka ba shi da ikon komawa sai iska ta juya, ko da ya sayar da kayansa a makon farko. A cikin wannan jira na watanni ne fatake suka yi aure, suka yi gini, suka bar zuriya.

A wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa tsibirin, birnin ya bunƙasa. Tsohon garin, da ake kira Stone Town, an gina shi ne da dutsen murjani da farar ƙasa, kuma a 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ba zai yi baƙunta ba, sai dai nan benaye ne hagu da dama, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. A gindin gidajen akwai baraza, wato dakali, kuma aikinsa aikin dakali ne: dattawa da kofin gahawa, yara da wasa, mai wucewa da sallama.

Abin da ya fara ba su mamaki alƙibla ce. Bahaushe ya saba ya ce a fuskanci gabas, har kalmar ta zama sunan salla a bakinsa. A Zanzibar kuwa Makka tana arewa sak, don haka da magariba ta yi, rana ta faɗi a hannun hagunsu maimakon bayansu. A kasuwar Darajani kuma kunnensu ya riƙa tsintar kalmomin gida a bakin masu ciniki: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Suwahilanci da Hausa rijiya ɗaya suka ɗebo waɗannan, wato Larabci, ɗaya ta hanyar teku, ɗaya ta hanyar Sahara.

Maigidan ya yi wa yinin farko shiga irin ta mai bin bashi. Tsohuwar ganuwar Larabawa, minti 30. Gidan Beit al-Ajaib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, ginin farko da ya sami lantarki a tsibirin, suka tarar an kewaye shi ana gyara, don wani sashensa ya rufta a Disamban 2020. Ya ɗauki hoto daga waje, ya soke layin a takardarsa. Uwargidan tana biye, ƙafa ta fara kumbura. Da ta sami wani dakali ta zauna tana murza idon sawu, wata dattijuwa da ke sayar da waina a gefe ta dube ta ta ce, "Pole." Kalmar tana aikin da sannu ke yi a Hausa: ana faɗa wa majinyaci, da mai ɗauke da kaya, da wanda aka yi wa rasuwa. In aka ninka ta, pole pole, sai ta koma sannu sannu. Uwargidan ta fahimta ba tare da tafinta ba. Maigidan yana can ƙarshen lungu yana duba agogo.

Ƙamshi da abin da ke ƙarƙashinsa

Rana ta biyu aka kai su gonar kayan yaji a bayan gari. Ita da ta yi shekaru tana jefa kanumfari a shayi da zoɓo ba ta taɓa sanin fure ne da bai kai ga buɗewa ba. Da hannu ake tsinko shi daga kan bishiya, a shanya a tabarma har ya yi duhu. Suwahilawa na kiransa karafuu, sunan da ya fito tushe ɗaya da na Hausa. Ta ga kirfa ɓawon bishiya ce, ta ga baƙin barkono yana nannaɗe jikin wata bishiya kamar wake a karan dawa. A nan ita ce ta riƙa tsayar da ɗan rakiya da tambayoyi, don man kanumfari tsohon maganin ciwon haƙori ne da ta sani tun a aji.

Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku ne na Indunusiya. A farkon ƙarni na 19 aka kawo ta, Sayyid Sa'id ya faɗaɗa nomanta, kuma bayin da aka kamo daga cikin nahiyar Afirka su ne suka yi aikin. A 1872 wata guguwa ta kwantar da yawancin gonakin Unguja, daga nan Pemba ta karɓe ragamar noman har yau.

Da yamma suka je inda kasuwar bayi take. An rufe ta a 1873, bisa yarjejeniyar da Birtaniya ta matsa wa Sarki Barghash ya sa wa hannu, aka gina majami'ar Angalika a wurin. Ana nuna wa baƙi ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, masu gajeren rufi da 'yan ƙananan kafofin iska, a matsayin inda ake tsare mutane. A tsakar filin akwai rami da gumakan mutum biyar a tsaye, sarƙa a wuyansu. Uwargidan ta daɗe a bakin ramin, sannan ta ce a hankali, "Baban Ummi, mu ma fa Kurmi ta sayar da mutane." Bai amsa ba. Wannan ne wuri na farko da ya manta bai ɗauki hoto ba.

Ƙarfe uku na safe

Mai kwalekwalen da zai kai su tsibirin Changuu a rana ta uku ya rubuta musu lokaci a takarda: ƙarfe 3 na safe. Maigidan ya ɗaga murya, ya ce wane irin kallo ne da tsakar dare? Sai mai masauki ya warware musu. Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awowi. Da yake tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, don haka ƙarfe 7 namu shi ne ƙarfe ɗaya nasu, ƙarfe 3 nasu kuwa 9 ke nan.

A Changuu akwai kurkukun da aka gina a 1893 wanda bai taɓa karɓar fursuna ba, sai ya koma wurin killace matafiya masu cuta. Abin kallon wurin manyan kunkuru ne, irin na tsibirin Aldabra, waɗanda asalinsu kyauta ce daga gwamnan Seychelles a 1919. Wasunsu sun haura shekara 100. Ɗaya daga cikinsu ya kwashe kusan minti biyar kafin ya ƙarasa wurin ganyen da uwargidan ta miƙa masa. Ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Maigidan ya ƙarasa mata karin maganar, "Sai dai a daɗe ba a je ba," yana nuna mata agogo, suka yi dariya.

Da daddare suka ci tsire da ruwan rake mai citta a dandalin Forodhani, inda samari ke tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku. A lissafinsa sun gama wurare takwas. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne cewa kwana uku suna tare, amma duk maganarsu a kan abin da ke gabansu ce: dubi wannan, nawa ne wancan, matso in ɗauke ki. Kallo yana da wannan rufin asiri. Muddin akwai abu na uku da ido zai kalla, mutum biyu suna iya yini kafaɗa da kafaɗa ba su dubi juna ba.

Ranar da teku ya tafi

A rana ta huɗu suka bar birni, mota ta ratsa da su tsibirin zuwa ƙauyen Jambiani da ke gaɓar gabas. Sun isa da la'asar, ruwa shuɗi yana dukan katangar masaukinsu. Maigidan ya yi ciniki da wani mai kwalekwale a kan gobe da hantsi a kai su su ga kifaye a cikin murjani. Mutumin ya yi ƙoƙarin faɗa masa wani abu game da lokaci, shi kuwa ya ɗauka rikicin ƙarfe uku ne ya dawo, ya ce ya gane.

Da suka fito bayan karin kumallo, babu teku. Farin rairayi ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da 'yan kududdufai, kwalekwalen nan kuma yana kwance a gefe guda kamar jakin da ya gaji. Can nesa, fiye da kilomita ɗaya, wani farin layi ne na kumfa.

Wanda ya tashi nesa da teku ya san kogi na cika da damina ya ƙafe da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika a yini, sau biyu yake janyewa. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan wata ya kai sha huɗu, ko lokacin da ya ɓuya, ƙarfin biyun yakan haɗu, bambancin ya kai kusan mita 4 a wannan gaɓa. Da yake gabashin Unguja shimfiɗaɗɗen fili ne mara zurfi, wanda katangar murjani ta tsare daga can ciki, idan ruwa ya sauka sai filin duka ya fito. Ranar kuwa wata yana sha huɗu. Mai kwalekwalen ya ce sai bayan azahar.

Awa biyar ke nan da babu su a jadawali. Uwargidan ta sa takalmin robarta, ta ce su taka. Suka bi sawun ruwan, suna kauce wa wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya kamar bushiya. Can ciki suka tarar da mata zaune cikin ruwa iya ƙugu, sanye da zannuwansu, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Noma ne. A 1989 aka fara shi a wannan gaɓa da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mata ne suka fi yin sa. Bayan kimanin mako shida a girbe, a shanya, a sayar. A ƙasashen waje a tace wani sinadari daga ciki mai sa kauri a man goge baki da askirim. Lokacin aikinsu shi ne lokacin da ruwa ya ba da hanya, ba su da ta cewa a kai. Filin da baƙo ya biya kuɗin jirgi don ya huta a kai, gonar wata ce.

Sun wuce matan da ɗan nisa ta ce, "Baban Ummi, yaushe rabon da mu taka ƙasa ni da kai, ba wani wuri za mu ba?"

Ya yi tunani. "Tun muna gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi."

Suka ƙara 'yan taku. Ta ce, "Yaran nan sun saba da rashinka. Auta ranar Lahadi ko kuka ya daina yi. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na ga ni ma na fara sabawa."

Ya yi abin da ya iya. Ya fara jero kuɗin haya a Abuja, da na makarantu a can, da matakin albashinta da za ta rasa in ta bar asibitin. Ta tare shi. "Na san lissafin nan, ni ke biyan rabinsa. Tambayarka nake, kai haka ya yi maka?"

Babu waya da za ta katse, babu yaro da zai shigo, babu abin nunawa a ce dubi wancan. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa a cikin ruwa. Sannan ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa ba: cewa a ɗakinsa na Abuja a tsaye yake cin abincin dare, don zama shi kaɗai a gaban faranti yana yi masa nauyi, cewa yana sane ranar da aka sallami mahaifinsa daga masaƙa a Kano, da yadda gidan ya koma, kuma tun daga ranar ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa sakin aikin da ke hannunsa ba. Ta san labarin masaƙar. Ba ta san shi ne ke riƙe da mijinta a kan hanyar Kaduna shekara biyar ba.

Wata daga cikin manoman ce ta katse su. Ta ɗora buhunta a ka, tana yi musu alama da hannu su juya. Ruwan da ke idon sawu ya kai ƙwauri ba su lura ba. Teku idan zai dawo ba ya sallama. Yana cika ramuka ta bayan mutum tukuna. Suka bi sahun matan zuwa tudu, hannunsa riƙe da nata saboda santsi, bai kuma sake ba bayan santsin ya ƙare.

Abin da aka kawo gida

Sun shiga kwalekwalen bayan azahar, sun ga kifayen. Amma jadawalin bai sake tashi ba. Dajin Jozani, inda jan birin da babu irinsa a ko'ina sai tsibirin yake, bai fi tafiyar rabin awa daga masaukinsu ba, ba su je ba. Tsohon masallacin Kizimkazi, mai rubutun da ke nuna shekarar 1107, shi ma ya tsaya a takarda. Sauran kwanakin, abin da maigidan ke tambaya da safe shi ne ƙarfe nawa ruwa zai tafi. Ita ta shiga teku karo na farko a rayuwarta, da doguwar rigarta, iya ƙirji. Shi ya yi barcin rana har sau biyu. Da magariba suka zauna suna jiran wata ya fito daga cikin ruwa, kullum yana ƙara makara.

Amfanin tsibiri ga irin waɗannan ma'aurata ruwan da ya kewaye shi ne. A gida, duk maganar da ta yi nauyi tana da mafaka: za a yi sallama, za a kira salla, za a ce bari yara su kwanta, kuma kunya, wadda ado ce a wurinta, takan taya mutum ɓoye abin da ya kamata abokin zamansa ya sani. Sai an toshe waɗannan ƙofofi, an kuma bar wasu awowi babu komai a cikinsu, sannan maganar ke samun wurin fitowa. Awowin da babu komai a cikinsu kuwa su ne ma'aikaci ya fi tsoro, don an horar da shi ya ɗauke su asara.

Ba su warware komai a bakin teku ba. Haya a Abuja ba ta sauka ba, kuma babu tabbacin reshen kamfaninsa na Kano yana da gurbi. Abin da suka tsayar ƙarami ne: shi zai rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ita za ta nemi gurbi a asibitocin Abuja, wadda ta riga fitowa ita za a bi, kuma ba za a shiga sabuwar shekarar karatu ana gida biyu ba tare da an sake zama a kan maganar ba.

Tsarabar da suka kai wa mahaifiyarsa ƙullin kanumfari ne da kirfa. Tsohuwar ta kwance, ta sansana, ta ce, "Wannan ai akwai shi a Kurmi. Duk kuɗin jirgin nan, me kuka gano?" Ɗan nata ya fara lissafa mata ganuwa da kunkuru, ya tsaya a na takwas. Surukar tata, kanta a sunkuye, ta ce, "Hajiya, mun dai huta." Tsohuwar ta dubi fuskar wannan, ta dubi ta wancan, ta ɗaure ƙullinta. "To, madalla. Allah ya ƙara haɗa kanku."